Mutum Bakwai na Kwamitin Littattafai

Ɗakin karatun da nake riƙe da shi a Madarumfa ɗaki ɗaya ne da baranda. In ka tsaya bakin ƙofa da hantsi kana hango masunta suna dawowa daga tabki da koma a kafaɗa. Na zo nan ne bayan na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, maƙogwaro ya fara ba ni wahala, aka ce in koma inda ba a ɗaga murya. Ban yi gardama ba. Tun ina yarinya ni mai son jera kaya ce, kuma aikin littattafai rabinsa jeri ne.

Mu masu kula da ɗakunan karatu a jihar Maraɗi muna da ƙungiya. Akwai na makarantun lise da kwaleji, akwai na gari irin nawa, akwai kuma ƴan kaɗan masu riƙe da littattafan makarantun Arabiyya. Sau ɗaya a shekara muke haɗuwa a Maraɗi, a yi jawabai, a ci shinkafa, a karanta sunayen waɗanda aka sa a kwamitoci, a tafa, kowa ya nemi motar garinsu. Kwamitocin uku ne: na zaɓen littattafai, na horo, da na tarbar baƙi. Na farkon shi ne mai ƙarfi. Duk littattafan da ƙungiya ta samu, shi ke cewa wane za a karɓa, kuma wane gari za a kai.

Shekarar da muka yi sabuwar shugaba, wata Hajiya da ta daɗe tana riƙe da ɗakin karatun wata lise a birni, sai ga kiranta a salula ina cikin liƙe bangon wani ƙamus da ya ɓalle.

"Malama, kina da aiki da yawa wanga wata?"

"Aikin da kika sani ne, Hajiya."

"To ina son ki rubuta mini sunayen kwamitocin bana. Amma ba yadda aka saba ba. So nake duk wanda ya ji an karanta takardar ya ce akwai irina a ciki."

Na ce, "Mi ya sa sai ni?"

Ta yi dariya. "Ba ki cikin rigimar kowa. Sharaɗi ɗaya ne kawai, mai rubuta takarda ba ta sa sunanta a kwamitin littattafai."

Na ce na yarda, ko da yake abin ya ɗan sosa mini rai, don da ma can ina sha'awar wannan kwamiti.

Bayan kwana biyu wani direban motar haya ya sauke mini kwali a baranda. Tsofaffin takardun ƙungiya ne, wasu da tafireta aka buga su, wasu da hannu. Na shimfiɗa tabarma na baje su, na ɗauko sabon littafin rubutu na ja layuka: maza da mata, birni da ƙauye, masu Faransanci da masu Larabci. Kowane suna na gani sai in sa ɗan ɗigo a inda ya faɗa.

Kafin azahar na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba. Kwamitin littattafai kujeru bakwai ne, kuma sunaye kaɗan ne ke ta juyawa a kansu, duk maza, duk mazauna Maraɗi. Sau ɗaya na ga sunan mace, shi ma an soke shi da biro an mayar da shi ƙasa, cikin tarbar baƙi. Tarbar baƙi kuwa mata ne zalla. Ga sunana nan a ciki, shekara bayan shekara. Na zauna ina kallonsa kamar na wata ce. Ni ce mai jera kujeru, ni ce mai tabbatar da ruwan sanyi ya iso, kuma gaskiya ina jin daɗin aikin. Ban taɓa tambayar wanda ya sa ni can ba.

Ban ji haushi ba. Mamaki na yi, sai kuma son sani ya kama ni. Da gangan aka yi haka, ko abin ya tafi ne da kansa? Na ga ba mai amsa mini wannan sai wani tsohon darakta, wanda ya fi kowa daɗewa yana shugabantar kwamitin littattafai. Dattijo ne da ya yi ritaya, shi ya koyar da da yawa daga cikinmu yadda ake ba littafi lamba.

Na same shi a gidansa a Maraɗi, zaune ƙarƙashin dogon yaro da rediyo a gefe. Bayan mun gaisa ya sa aka kawo mini ruwa, na buɗe littafina na nuna masa ɗige-ɗigen. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Ɗiyata, wallahi ba wanda ya zauna ya shirya haka," in ji shi. "Muna haɗuwa ranar Laraba bayan la'asar a tsohon birona, inda nake aiki a da. Wa zai taso daga ƙauye da la'asar ya koma gida? Sai muka riƙa sa waɗanda ke kusa. Wanda ke kusa kuma shi ka sani, shi za ka sake sawa baɗi."

"Wagga matar da aka soke sunanta fa?"

Ya ce, "Ita ta ce a cire ta. Lokacin taron ya yi daidai da ɗora tukunyar dare a gidanta."

"Ba a yi tunanin sauya lokacin ba?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ba a yi ba. Ni ma yanzu da kika faɗa na ji tambayar." Can kuma ya ce, "Cire ni za ki yi?"

Na ce masa ban sani ba tukuna, kuma gaskiyar ke nan. Ya ce to, in je in gama binciken nawa, amma in tuna zaɓen littafi sana'a ce, ba rabon goro ba.

Na dawo gida da maganarsa a kaina. In zan sa sababbin mutane, ya kamata in san su, ba in ɗauko suna daga takarda kawai ba. Akwai mutum biyu da nake gani a taro kowace shekara ban taɓa jin muryarsu ba. Na farko wata matashiya ce mai riƙe da ɗakin karatun kwaleji a Ɗan Issa.

Bazara ce, zafi ya yi tsanani. Na isa Ɗan Issa da hantsi, manyan motoci sun yi layi a gaban duwan, wato ofishin kwastan, ƴan canji na zaune a bakin hanya suna kiran masu wucewa. Ɗakin karatunta ƙarami ne ƙwarai, bai kai nawa ba, amma na tarar da manya a ciki ba ɗalibai kaɗai ba. Wani mai gyaran babur yana duba littafi da hannunsa duk baƙin mai, ta shimfiɗa masa jarida a ƙasa don kada ya ɓata shafi.

Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, na ga wani littafin rubutu a kan teburinta, an ɗaure shi da zare. Na tambaye ta na mene ne.

"Abin da ba ni da shi ne, Yaya," ta ce. "Duk wanda ya nemi littafi ban samu ba, sai in rubuta."

Na buɗe. Shafi bayan shafi. Littafin koyon Turancin Ingilishi, don masu ƙetarawa Jibiya da Katsina. Labarai cikin Hausa. Yadda ake gyaran injin ban ruwa. Yadda ake rainon jariri. Wata ta nemi littafi kan rabon gado, an rubuta gefensa cewa ta dawo sau uku. Na tuna kwalayen da ake aiko mana daga Maraɗi, cike da labaran ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, waɗanda wasu har yau ba a buɗe su ba.

Na ce ina son in sa ta a kwamitin littattafai. Ban ga murna a fuskarta ba. Ta ɗan karkata kai ta ce, "Don ni mace ce, ko don kin ga littahin nan?"

Na so in ba ta amsa mai daɗi, amma na ga ba za ta karɓa ba. Na ce, "Na taho ne don ke mace ce, kuma ba a birni kike ba. Littahin yanzu na gan shi."

Ta yi dariya har mai gyaran babur ya ɗago kai. "To kin faɗi gaskiya. Amma Yaya, a Maraɗi aka haife ni, a Yamai na yi karatu, shekara huɗu kacal nake nan. Cikin ƴan ƙauye za ki sa ni ko ƴan birni? Kuma ki dubi waje, Ɗan Issa ƙauye ne?"

Layukan da na ja da rula a baranda sun fara karkacewa. A ƙarshe ta ce ta yarda, da sharaɗin in an zauna taro ba wanda zai ce ta tashi ta zuba shayi.

Na biyun wani malami ne a Sarkin Yamma, mai riƙe da littattafan makarantar Arabiyya ta garin. Na hau kabu-kabu na tafi. Ana ta sharar gonaki a hanya, ana ƙona kara, kowa na duban gabas ko hadari zai taso. Na tarar da shi yana gyaran danga. Ya wanke hannu ya kai ni ɗakin da littattafan suke. Kanta ɗaya ce ta katako, da akwatin ƙarfe a kusurwa. Ya buɗe akwatin ya fito da gafaka, cikinta takardu ne da mahaifinsa da kakansa suka rubuta da ajami: waƙoƙin wa'azi, lissafin taurarin damina, da wasu magunguna na dabbobi. Ya ce manoma suna zuwa ya karanta musu na taurarin kafin shuka.

Na ce, "Malam, shekara nawa kana zuwa taronmu, ban taɓa jin ka yi magana ba."

Ya yi murmushi. "Malama, ina jin Faransanci, amma a hankali. In aka kawo magana ina da abin cewa, sai in fara haɗa jimlata a zuci. Kafin in gama haɗa ta an wuce zuwa wata maganar. Sai in ajiye ta."

Na tsaya ina tunani. A wurin cin abinci dukanmu Hausa muke yi, har da tsohon darakta, ana ba'a ana dariya. Da zarar mun koma cikin zaure sai kowa ya juya harshe. Na bincika daga baya a dokokin ƙungiya, babu inda aka ce sai da Faransanci za a yi taro. Ba wanda ya yanke hakan. Haka muka taras, haka muka ci gaba.

Ya ce zai shiga kwamitin in za a bar shi ya yi Hausa. Ya kuma gargaɗe ni tun da wuri cewa in ruwa ya sauka gona zai nufa, kada in ce ya yaudare ni.

Sa sababbi bai yi mini wuya ba kamar cire tsofaffi. Kujeru bakwai ne, ba za su zama goma ba. Na yi mako guda ina rubutawa ina sokewa. A ƙarshe na bar tsohon darakta da mutum biyu daga cikin na da, na sa matashiyar Ɗan Issa, da malamin Sarkin Yamma, da wasu mata biyu, ɗaya daga birni ɗaya daga arewacin jiha. A tarbar baƙi na sa maza biyu. A ƙasan takardar na ƙara shawara: taron kwamiti ya koma safiyar Asabar, ya riƙa zagayawa gari gari, kuma kowa ya yi magana da harshen da ya fi masa sauƙi.

Ranar babban taro Hajiya ta karanta takardar da kanta. Da ta gama ba a tafa ba. Sai ɗaya daga cikin waɗanda na cire ya miƙe, wani malamin lise mai kaifin baki. Ya yi magana da Faransanci mai kyau ƙwarai. Ya ce kwamitin ƙwararru ake nema ba taswirar jiha ba, kuma in aka bi wannan hanya gobe za a ce a sa dogo ɗaya gajere ɗaya. Wasu suka yi dariya. Ni kam ban yi dariya ba, don na san akwai ɗan abin dubawa a maganarsa.

Matashiyar Ɗan Issa ta ɗaga hannu. Ba ta mayar masa da martani ba. Ta kwance zaren littafinta ta fara karanta abin da mutane suka nema ba su samu ba, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa. Ta karanta shafi biyu ta zauna. Tsohon darakta ya nemi a miƙo masa littafin. Ya juya shafuka, ya ce, shi ma da Hausa, "Shekarata nawa ina zaɓen littattafai, ban taɓa ganin irin wagga takarda ba. A gwada su shekara ɗaya." Aka ɗaga hannu, takardar ta wuce, ba da rinjaye mai yawa ba. Malamin lisen ya tattara jakarsa ya fita tun kafin a kawo abinci.

Zaman farko na sabon kwamiti a ɗakina aka yi shi, don Madarumfa ta fi kusa da matashiyar Ɗan Issa da malamin Sarkin Yamma. Tunda ba na cikinsu, na jera musu kujeru na fita baranda na zauna, taga a buɗe. Na ji komai. Sun yi gardama kan wasu kwalaye na kyauta, ko a karɓe su duka ko a tsince. Na ji muryar malamin Sarkin Yamma, wadda ban san tana da kauri haka ba, yana bayani kusan minti goma ba wanda ya katse shi. Ya ce littafin da ba mai buɗe shi gara ce kawai ke amfana da shi, kuma ita ba ta tsayawa a kansa, sai ta ci na kusa. Tsohon darakta ya yarda a nemo littattafan lambu da na kiwon kifi cikin Hausa, amma ya kafe a kan sai an bar manyan labaran Faransanci saboda masu shirin jarrabawa. Aka bar su. Da lokacin shayi ya yi, shi dattijon ne ya tashi ya zuba wa kowa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Da damina ta kankama malamin Sarkin Yamma ya yi fashin zama biyu, kamar yadda ya faɗa, sai dai ya aiko da saƙon murya daga gona, ana jin iska na kaɗawa. Kuma da littattafan yara na shekarar suka iso, na ga ba su yi kyau ba, rubutu ya yi yawa, hotuna kaɗan. Sai a lokacin na gane malamin lisen da na cire shi ne ya fi kowa ido a kan littattafan yara. Wannan ba ya cikin layukan da na ja. Na tafi har makarantarsa na faɗa masa haka, na roƙe shi ya dawo kwamitin. Ya saurare ni a tsaye, ya ce zai yi tunani. Sai da shekara ta zagayo ya dawo, kuma har yau gaisuwarmu gajera ce.

Wata rana bayan kaka, wata Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a barandata don ta huta. Ta leƙa ciki tana kallon kantoci, ta tambaye ni ko duk waɗannan maganar mutane ce aka rubuta. Na ce e. Ta ce, "Akwai tamu a ciki?" Na tashi na duba, ko da yake na san amsar. Babu littafin Fulatanci ko ɗaya.

Na kira Hajiya na tambaye ta ko muna da ɗan ƙungiya mai karanta Fulatanci. Ta ce akwai wani can wajen Dakoro, ita ma ba ta taɓa jin ya yi magana a taro ba. Ta ba ni lambarsa. Mutumin ya yi mamakin kiran, ya ce yana da ƴan ƙananan littattafai na yaƙi da jahilci, zai aiko mini da biyu.

Da suka iso na jira ranar da matar ta sake biyowa. Na miƙa mata ɗaya, ta juya shi ta dawo mini da shi, ta ce ita ba ta yi karatu ba, ni in karanta mata. Haruffan kusan irin namu ne, har da masu lanƙwasa, don haka na fara furtawa ba tare da na san abin da nake faɗa ba. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta gyara mini kalmar, na maimaita, ta sake gyarawa. Ta ce labarin wata saniya ce da ta ƙi shan ruwa a rijiyar baƙi. Muka yi shafi guda a haka, ni ina karantawa ita tana fassara mini, har wata maƙwabciya ta leƙo tana neman nono, ta tashi ta auna mata.